Daddawar Gidan Tokuko

Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa
kamar mai shiga masallaci.
Tsohuwa Tokuko ta sunkuya ta juya su,
hancinsu ya kalli hanya,
don kada su yi mini gardama ranar tafiya.

Sunana ya gagari harshenta.
Balarabe ya shiga kunnenta, Bararabe ya fito.
Na amsa.
Baƙo ba ya jayayya da sunan da aka raɗa masa
a gidan da za a shimfiɗa masa tabarma.

Wata uku aka turo ni koyon dashen shinkafa
a wani ƙauye kusa da Mito.
Ba ta jin nawa, ba na jin nata.
Jikarta Nagisa ta zana alade a takarda
ta ja masa layi biyu,
ta zana kwalbar giya ta soke ta,
aka manna a jikin firji.
Yarjejeniya ta ƙullu, ba alƙali, ba shaidu.

Daren farko kifi ya zo gabana
wanda bai taɓa ganin wuta ba.
Na waiga ko murhu na tafe a baya.
Maigida Heizo ya cafke nasa da tsinke biyu
kamar zalɓe a bakin gulbi.
Nawa tsinkayen suka kaure da faɗa,
kifin ya sulluɓe ya faɗa kwanon romo,
ko a mace bai manta iyo ba.
Na tsamo shi, na yi bisimilla, na haɗiye.
Wani koren abu da ya laɓe a ƙarƙashinsa
ya bi ta hancina, ya haura ƙwaƙwalwa,
ya gaishe da kakannina, ya dawo.
Heizo ya tsiyaya mini shayi ba sukari.
Fuskarsa ba ta yi dariya ba,
kafaɗunsa ne suka tona masa asiri.

Na kwanta da dabino uku a ciki,
ruwa na dukan rufi,
ina ƙirga kwana tamanin da tara da suka rage.

Da safe ta ajiye wani ɗan akushi
ta ja da baya, tana satar kallona.
Wake ne, ruwan ƙasa,
yana jan zare kamar saƙar gizo-gizo,
yauƙinsa ya kunyata kuɓewa.
Kafin ya kai baki, warinsa ya riga shi isa.
Na tsaya.
Ai na san wannan warin.
Na bayan ɗakin Gwaggo Tabawa ne
ranar da take buɗe ƙwaryar kalwa
bayan ta kwana uku a lulluɓe,
mu yara muna toshe hanci, muna ƙin matsawa.

"Natto," in ji Tokuko.
"Daddawa," na ce.
Ta maimaita, na maimaita,
kowa ya ɓata sunan ɗan'uwansa.
Na kwashe shi tas da shinkafa,
zare na lilo a gemuna,
na miƙa akushi neman ƙari.
Ta fita ba ɗankwali
ta ƙwala wa maƙwabciya kira ta kan shinge.

Ran Juma'a na kwance ƙullin yajin Inna.
Na nuna wa Heizo da yatsa: kaɗan.
Ya zuba kamar mai yayyafa taki.
Loma ɗaya, kunnuwansa suka yi ja,
tari ya sarƙe shi, ya dafa tabarma.
Na tsiyaya masa shayi ba sukari.
Fuskata ba ta yi dariya ba.

Shinkafar da muka dasa ta kai gwiwa
ranar da mota ta tsaya a ƙofar gida.
A jikin firji takarda ta ƙaru da zane na uku:
mai gemu, da akushi, da zare har ƙasa.
Na bar musu sauran yajin a kan kanta.

Takalmina na nan, hanci ga hanya.
Su ba su yi gardama ba.
Ƙafata ce ta yi.