Tukunyar Inna a Alaba

Mai gidan haya ya manna takarda a ƙofa:
ba gawayi, ba itace,
hayaƙi ya cinye masa fenti.
Risho kuwa, kananzir ya fi ƙarfin aljihu.
Na ce, Inna, ran Asabar sai Alaba.
Ta ce, to, amma da tukunyata.

Tukunyar nan ta girme ni.
Daga Gumel ta zo a bayan tirela,
gindi baƙi ƙirin, kunne ɗaya ya sha liƙi.
Tun daga Agege tana kan cinyar Inna.
Kwandasta ya ce sai an biya mata kujera,
Inna ta dube shi, ta dube shi,
har ya koma kiran fasinja.

Ni zare na riƙo mai ƙulli biyu,
faɗin lungun da nake kira kicin,
tsakanin durom ɗin ruwa da taga.

Alaba ba ta gaisuwa, sai jan hannu.
Janareto na ruri, lasifika na gwada maƙogwaro,
kowa yayansa ne mai shagon gaskiya.
Ga murhunan gas jere kamar motoci a tasha,
mai kai biyu, mai shida da gidan gashi,
mai murfin gilashi da na hango fuskata ciki,
fuskar mai lissafin albashi.

A shago na biyar wani Uzoma ya ji mu,
ya ce, sannunku da hanya,
Hausa tas, ta Sabon Garin Zariya.
Ya jawo wa Inna kujera.
Wannan ɗan Turkiyya ne, wancan tokumbo,
wannan shi ke kunna kansa, ba ashana.
Inna ta ce, abin da ke kunna kansa,
wa zai hana shi in mun yi barci?

Ta kwance zanen da ta naɗe tukunya,
ta ɗora kan na farko, ta karkace.
Na biyu ƙafafu kamar na sauro,
ta ce muciya ɗaya zai durƙusa.
Na uku ta girgiza, ta danna,
ta tuƙa iska da hannu biyu,
tuwon mutum goma, ranar suna.
Bai motsa ba.
Yaran shago suka daina danna waya.

Ta ƙirga kawunan, huɗu.
Ta ce, ni dai duwatsu uku na san murhu,
na huɗun na wane ne?
Uzoma ya ce, na baƙo ne, Mama.
Ta yi dariyar da rabona da ji
tun kafin rasuwar Baba.

Na miƙa zare, ya haura ƙulli da yatsa biyu.
Inna ta ce, durom ɗin a nan aka binne cibiyarsa?
Na taya, ya ce albarka.
Na ƙara, ya ce albarka, ya kawo kukan kwastan.
Muka kama tafiyar da ba tafiya ba,
taku bakwai, ya ce, dawo, don Mama na sallama,
ya ɗora tiyo gyara.

Da dare na shafa ruwan sabulu a mahaɗa,
ba kumfa. Na yi bisimilla, na murɗa.
Wuta ta fito shuɗiya, ƙananan haƙora a jere,
ba tari, ba hurawa.
Inna na tsaye nesa da mafici a hannu,
ta rasa inda za ta ajiye shi.

Tuwo ya yi.
Ta ce babu ƙamshin itace,
kamar tatsuniya ce ba ƙurunƙus.
Ta ci, ta ƙara.

Shekara hamsin, in muka ga idonta ya jiƙe,
cewa take hayaƙi ne.
Yau ta goge da gefen mayafi,
ta duba silin, ta duba taga,
ta ce in rage wutar,
gas tsada gare shi.