Miyar Abarshi

Shekara goma sha ɗaya babana Abarshi
yana kuku a Filato, can Yamai,
gidan wata tsohuwa ƴar Italiya mai gajen haƙuri.
Da ya dawo Tawa, ga tsarabarsa:
rediyo, ciwon gwiwa, da miya guda.

Yau ni ke yin ta.
Na tsaga gindin tumatir, na tsoma a ruwan zafi,
fatar ta saɓule kamar rigar yaro mai barci.
Da hannu ake matsewa, ba a kai wa inji.
Albasar Galmi, rabi kawai.
Tafarnuwa ƙwaya biyu, a dandaƙa da gefen wuƙa.
Man zaitun a ƴar kwalba yake,
kuɗinta zai sayi tiya uku ta hatsi,
shi ya sa nake tsiyayawa ina riƙe numfashi.

Gwaggo Zuwera ta leƙo ta katanga.
"Ba magi? Ba daudawa? Ba tonka?
Wannan ai miyar marayu ce."
Na ce, to, marainiya ke dafawa.

Na rage gawayi. Baba yakan ce kar ta tafasa,
ta riƙa gunaguni dai,
kamar mai bin bashi a bakin ƙofa,
daga la'asar har a kira magariba.
Gishiri. Ganyen ɗoɗɗoya, yaga shi ake, ba yanka ba.

Taliya ta nuna, na juye.
Gwaggo ta ɗanɗana a tafin hannu, ta yi shiru,
ta ce da saura.

Ban gama wanke tukunya ba
ta aiko Mintu da kwano.