Lamba Sha Bakwai

A littafin ma'aji sunanta lamba sha bakwai,
ba wanda ya raɗa mata wani.
Hannu nake sawa in karɓa, in mayar kafin la'asar,
shekara goma sha ɗaya ke nan.
Tawa ce kamar yadda gonar aro take ta manomi.

Ranar da na fara ɗaga ta a filin harbi na Jaji
baƙa ce wuluk, tana ƙamshin man kamfani,
kunamarta da tauri, sai an lallasa.
Goma na harba, goma suka kwanta a baƙi.
Saje Dogara bai ko ɗago kai ba.
Ya ce, "Ranar farko kowace fartanya kaifi gare ta.
Bari ta ci dubu biyar, sannan mu yi zance."

Yana da littafi mai bangon kwali
inda yake rubuta abin da ta ci,
kamar mai turken sa yana lissafin dusa.
A dubu biyar ya sauya mata sifirin
tun ba ta yi ƙorafi ba.
A dubu sha biyu ya jefar da magazin guda
don leɓensa ya buɗe da kaurin farce.
Mai kuwa, ɗigo uku.
Na huɗun, in ji shi, gayyatar ƙasa ne.

Sau ɗaya ta cije mini.
Agusta, zagayen ƙarshe, hadari ya taso daga Birnin Yero,
takardar bara ta jiƙe tana lanƙwasa,
harbi na takwas, sai shiru.
Kwanso ya tsaya a bakinta a karkace
kamar guntun sigari a leɓen direba.
Daƙiƙa huɗu na kashe kafin in fitar da shi.
Daƙiƙa huɗu, kofi ya tafi Zariya.

Na ce ta tsufa. Da ƙarfi na faɗa, kowa ya ji.
Dogara ya shimfiɗa tsumma, ya warware ta gaɓa-gaɓa,
ya leƙa bututun ta wajen haske,
ya shafa, ya sunsuna, ya mayar da komai mazauninsa.
Sannan ya kama wuyan hannuna ya girgiza.
"Ga inda ya saki."
Kwana uku ban gaishe shi ba.
Rana ta huɗu na kai masa goro.

Yau littafin ya ce dubu arba'in da uku da ɗari shida.
Fentin ya koɗe inda babban yatsana ke zama,
ƙarfe ya fito fari, da siffar yatsan.
Kunamar ta yi laushi,
na san inda za ta karye kamar yadda na san matakalar gidanmu da dare.
Da can, daga taku talatin,
murfin gwangwanin madara kan rufe ramuka goma.
Yanzu sai tafin hannu.
Ko zanen cikin bututun ne ya sharɓe,
ko idona ne,
ba mu tona wa juna asiri ba.

Dogara ya yi ritaya, yana noman citta a Kaciya.
Littafin ya bar mini, da rabin kwalbar mai.

Makon jiya sababbi suka iso cikin akwati,
marasa nauyi, masu sheƙi.
Kofur Rifkatu, wadda hannunta bai san rawa ba,
ta ɗaga ɗaya, ta harba goma, ta juyo tana murmushi.
Na ji maganar tsohon ta hau kan harshena.
Na haɗiye.
Na buɗe mata sabon shafi,
na rubuta kwanan wata,
na rubuta goma.