Ƙugiya

Shekara uku ina tace bidiyo a waya,
babban yatsana shi ne ma'aikacina.
In na so rubutu, taɓawa ɗaya ce,
ya fito da adonsa, ja da ruwan gwal,
yana tsalle kamar an biya shi.

Sai ga ni a Titin Gidan Zu, bene na biyu,
shagon Oga Nazifi, saman mai gyaran fanka.
Ya turo min kujera mai ɗingishi,
ya ce, "Zauna, Rumasa'u, wasan yara ya ƙare."
Allo biyu a gabana,
maɓallai sun fi rumfunan Kwari yawa,
hoto a layin sama, sauti a na ƙasa,
ni kuwa ƙofa ɗaya nake nema
da zan shigar da kalma biyar.

Aikin farko na Malam Ɗayyabu ne.
Shekara talatin da biyar yana koyar da Hausa a Gwale,
ya ajiye alli, za a yi masa walima.
'Ya'yansa suka ce faifan ya buɗe da
"Barka da zuwa, manyan baƙi."

Na zaɓi salon rubutu mai lanƙwasa,
na sa masa inuwa, na yi masa gefe fari,
na koya masa shigowa daga dama
a hankali, kamar mai sallama.
Duk haruffa suka zo.
Ƙ ce kawai ta ƙi.
Inda ya kamata ta tsaya, wani akwati ne fanko,
haka ma farkon sunan Malam.
Manhajar da aka saya da dala
ba ta taɓa jin labarin ƙugiya ba.

Nazifi ya leƙo, yana tauna gurasa:
"Cire ta mana. Wa zai lura?"
Na cire. Na karanta.
Manyan baki.
Na hango layin gaba, alhazai da manyan riguna,
kowa na shafa leɓensa.

Babana mai fenti ne a Fagge,
shi ke rubuta allunan shaguna da bayan tirela.
Ina ƙarama nake riƙe masa gwangwani.
Yakan bar ƙugiya sai ƙarshe,
ya ɗauke numfashi, ya murɗa burushi sau ɗaya,
ya ce, "Hular harafi ke nan.
Ba a fita da shi kai a buɗe."
Yanzu hannunsa na rawa, ko kofi sai an tallafa.

Na nemo alƙalamin da ke cikin manhajar.
Ɗigo a nan, ɗigo a can,
na ja, ta yi kama da wutsiyar kunama.
Na goge. Na ja, ta yi sandar makiyayi.
Ana kiran la'asar ta fara zama ƙugiya,
sai aka ɗauke wuta.
Ban adana ba.

Janareta ya yi tari uku kafin ya tashi.
Na sake daga farko, ban yi wa kowa magana ba.
Wannan karon na ɗauke numfashi.
Na ɗaure ta a kan harafinta
don su shigo tare, su fita tare,
na ajiye ta a jaka, na sa mata suna "Hular Baba",
ita da ƙannenta na ɗ da ɓ.

Ran Alhamis Malam ya zo duba aiki.
Ya gyara tabarau, ya matso,
ya ɗora yatsa a kan gilashin allo,
daidai kan ƙugiyar sunansa.
Nazifi ya tsani a taɓa masa allo,
amma bai ce uffan ba.

"Tara bisa goma," in ji Malam.
Na ce, "Ina ɗayan?"
Ya ce, "Rubutun na saurin wucewa, 'yata.
Baƙin nawa tsofaffi ne."

Na kama gefen layin, na ja shi dama.
Daƙiƙa biyu na ƙara.