Dare Na Uku a Aboabo

Daga garejin Suwame na ɗauko ka
cikin kwalin batir, a kan cinyata,
mota na jijjiga mu har gida.
Bakaniken ya ce uwarka shida ta haifa,
baki bakwai ya fi ƙarfin aljihunsa.

Daren farko ka hana layinmu barci.
Zuwera ta leƙo ta taga:
"Mai gadi ka kawo mana, ko mai makoki?"
Na yi shiru.

Dare na biyu ruwa ya sauko kan kwano,
kai da tsawa kuna ba juna amsa.
Na kai maka koko da gutsuren kifi,
ka shinshina, ka juya baya.
Ashe ba yunwa ba ce.

Yau da la'asar na koma Suwame,
na roƙi tsumman da uwarka ke kwanciya a kai,
baƙi ƙirin da man inji.
Yaran gareji har da riƙe ciki don dariya.
Na shimfiɗa shi cikin tsohuwar taya
kusa da akurkin kaji,
na naɗe gorar ruwan ɗumi a gefe,
na bar rediyo ƙasa-ƙasa,
wani yana ta zuba labari da Tonanci.

Ka zagaya sau uku,
ka cusa hanci cikin tsumman,
ka yi ajiyar zuciya irin ta tsofaffi.

Ga shi ƙarfe biyu ta gota.
Kai kana minshari.
Ni ne zaune kan benci, sauro na cin ƙafata,
ina tuna shekarar da na sauka a Kejetiya
da jaka ɗaya,
babu ko ɗankwalin innata a ciki.