Fendar Hagu

Umdurman, bayan la'asar.
Awadalla ya jawo mini tsohuwar Fodi da igiya,
ta girme ni da shekara ashirin,
tsatsa ta cinye mata kafaɗu biyu.
Shi rafraf yake cewa, mu a gida fenda.
Kanti babu, ko an aika Masar babu.

Na zana a kwalin sabulu,
na yanka ƙarfe da almakashin Baba Mantau,
na kwantar da shi kan kututturen gabaruwa
da ya rarake kafin a haife ni.
Guduma ba ta son fushi.
Kaɗan-kaɗan, kamar mai lallashin yaro,
har ƙarfe ya yi ciki.

Ta dama ta zauna a gwajin farko.
Ta hagu ta ƙi.
Kwana huɗu ina aunawa,
rami na kauce wa rami da faɗin yatsa.
Na zargi awo, na zargi idona,
shayin Sakina ya huce a kan bonet.

Awadalla ya tsuguna, ya leƙa, ya yi dariya:
"Tun da ta faɗa kwalbati a hanyar Madani
ta karkace. Ni ma tun ranar nake ɗingishi."

Sai na ɓata abin da na daidaita,
na koya wa sabon ƙarfe tsohuwar karkata.
Noti ya kama.

Da magariba ya tashe ta,
babban injin da ya dasa mata
ya watsa tantabarun maƙwabta.
Na bi ta da kallo har kwana:
kafaɗa ɗaya sama, kamar mai ita.