Rabon Baƙi

A gaɓar Uskudar, Nevzat mai kifi
yana ware wa 'yar mage kawunan sardin.
Ci take kamar mai buɗe-baki,
tumbi tulu guda, haƙarƙari kuwa ana ƙirgawa.

Ran Talata ta yi amai gindin sikeli:
farin abu kamar taliya, yana murɗawa.

Likita Perihan ta ce macijin ciki ne,
a nonon uwa ta sha shi
tun ido bai buɗe ba.
Magani yau, a maimaita bayan mako biyu.

Ya cusa ta cikin kwat, ya hau jirgin fito.
"Ashe wata biyu," ya ce wa teku,
"baƙi nake ciyarwa,
mai masauki na kwana da yunwa."